Ranar da Na Shayar da Motar Audu Direba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube kafin in kamo na wanda nake kira, amma ranar da na shayar da motar Audu Direba ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta ma, mutanen Maiyama ba za su bar ni ba.

A wancan lokaci ni fatoma ne a Jega, wato mai saukar da fatake. Gidana yana bakin kasuwa, da zaure babba da fili mai turaku a baya. Duk wanda ya zo da jakuna ko raƙuma ko takarkari ko doki, muddin ya sauka wurina, shi da dabbarsa duk baƙina ne. In faɗi gaskiya ma, na fi ji da dabbar. Mutum yana da bakin da zai ce tuwo bai ishe shi ba, dabba kuwa sai an duba ta. Abin da nake taƙama da shi ke nan a garin: ba a taɓa kwance dabba daga turkena ta tafi da ramar da ta zo da ita ba. Ina kallon idon doki da kashinsa da fitsarinsa in gaya maka abin da ke damunsa. (Wannan ba cika baki ba ne. Cika bakin yana nan gaba.)

Surukina manomin albasa ne a Aliero. Ba zan faɗi sunansa ba, ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido ina jin nauyinsa, Baba kawai nake ce masa. Dattijo ne mai tsadar magana, wanda ya yi imani cewa duk namijin da tafin hannunsa ba shi da kanta, to zaman banza yake yi. Ya ba ni 'yarsa Kulu, amma bai taɓa ba ni fuska ba. In na je gaisuwa na tuɓe takalmi na durƙusa, sai ya amsa da “lahiya” guda biyu ya koma kan gyaran igiyar gugarsa. Wata rana aka kawo mini labarin abin da ya faɗa a bakin masallaci, wai, “Mijin Kulu ai da baki shika noma.” Na yi dariya a gaban wanda ya kawo mini maganar, amma ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Ana nan sai Nasara ya sa aka share hanyar mota daga Sakkwato ta biyo ta Jega ta yi kudu zuwa Yawuri. Da farko motocin Turawa kawai muke gani, su wuce mu bi su da kallo. Daga baya sai ga lori ta wani attajiri ta fara zuwa ɗaukar kaya, kuma mai tuƙa ta baƙar fata ne irinmu. Shi ne Audu, Bazazzagi, wanda ya koyo tuƙi a soja. Yana sa gajeren wando da tabarau a goshi, in ya yi tari yara su watse. Duk fatoman Jega yana son a ce Audu baƙonsa ne. Ni na same shi, da kazar da na yanka da furar da Kulu ta dama, kuma daga ranar na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

Sai dabara ta zo mini. Bazara ta shigo, Baba ya cire albasarsa ya jibge a rudu, wato rumfar ajiyar albasa, 'yan Yawuri kuwa suna neman albasa ido rufe don masu jiragen ruwa da ke gangarawa kudu. A kan jaki tafiyar kwanaki ce, wata ta ƙuje wata ta ruɓe. A mota kuwa wuni guda. Na ce a raina, yau zan nuna wa tsohon nan abin da baki ke nomawa.

Na shirya na tafi Aliero, na durƙusa nesa da tabarmarsa.

Na ce, “Baba, wanga abu ba jaki ba na. Ku hwita Jega da sahe, ku yi la'asar Yawuri. Albasa ba ta ko san ta bar gida ba.”

Baba ya ce, “Abin da ba shi cin haki, ba shi shan ruwa, ban san amanatai ba.”

Na ce, “Shina shan ruwa, Baba. Na gani da idona.”

Ya juya ya dubi rudun. Ya ce, “Albasag ga ita ta abincin gidan ga har kaka. Ba mu da wata.”

Na dafa ƙirji na ce, “A wuyana, Baba.”

Akwai wani Arzika mai jakuna, wanda shi ke kai wa Baba albasa kasuwa tun ina yaro. Yana tsaye a gefe yana jinmu. Ya ce, “To mu hwa?” Da na yi shiru da ya fi mini. Amma sai na juya na ce masa, a gaban mutane, “Kai jakkanka hwadama su huta, Arzika, zamaninsu ya wuce. In sun ji kewar kaya ka ɗora musu duma su zagaya gari.” Aka yi dariya. Arzika ya dube ni ya ja akalarsa ya tafi.

Ranar da aka sa, Audu ya kai mota Aliero aka loda buhunan albasa har suka fi kan motar tsawo. Shirin shi ne mu kwana Jega, da sassafe mu kama hanyar Yawuri. Rana ta yi zafi ranar, hanyar kuma yashi ce, motar ta yi ta nishi tana tafiya kamar an ɗaure mata ƙafa. Ko da muka iso gidana da la'asar, hayaƙin ruwa na fita daga hancinta, cikinta na ƙugi. Na sa aka share mata fili a turke mafi inuwa, inda nake ɗaure dokin babban baƙo. Baba na ba shi zaure, ni kuwa na koma wurin baƙuwata.

Mai yi wa Audu hidimar mota kurkunu ya kwantar da shi a Tambuwal, don haka na ce ni zan tsaya masa. Da motar ta huce, Audu ya buɗe wani murfi a saman hancinta, ya ce nan ne lagireto, inda ruwan da ke sanyaya inji yake zama. Ya ce a kawo ruwa. Na ruga da kaina na ɗebo garwa guda daga rijiyata. Ya tsoma yatsa ya lasa, sai ya tofar.

Ya ce, “Maigida, wannan ai ruwan zartsi ne.”

Raina ya ɓaci. Rijiyar da raƙuman Azbin ke layi a kanta! Bai kula da fuskata ba, ya ce a miƙo masa tukunyar da ake dafa ruwa a gidan. Aka kawo, ya nuna mini farin abin nan da ke kama gindinta. Ya ce, “Ka ga wannan? Haka zai kama cikin lagireto, hanyoyin ruwansa kuwa sirara ne kamar tsinken tsintsiya. In suka toshe, inji ya ƙone. A ɗebo mini ruwan gulbi, a tace da ƙyalle, a bar shi ya kwanta. Gobe da asuba a cika mata. Shi kaɗai za a zuba.”

Sannan ya sunkuya ya murɗe wani ɗan famfo a ƙarƙashinta don tsohon ruwan ya zube. A nan ne abin ya same ni. Ruwan da ya fito ja ne jawur, da ɗumi, yana kumfa a ƙasa. Audu ya ce tsatsa ce, ya tafi ya kwanta don kansa na ciwo. Ni kuwa na tsuguna na ƙura wa ruwan ido. Na san wannan launi. Na sha ganinsa a turakuna. Duk dokin da ya yi irin wannan fitsari, zafin ciki ke cinsa, kuma in ba a tare shi da wuri ba ba ya kai ƙarshen tafiya.

Wallahi tausayinta ya kama ni. Dabba ta ɗauko kayan jakuna bila adadin a cikin wannan rana, ta iso tana haki, fitsarinta ya yi ja, sai ubangidanta ya ce a ba ta ruwa tsura a kuma tashe ta da asuba? Na ce wannan Bazazzagi ya iya tuƙi amma ba shi da imani. Na kuma tuna albasar Baba tana bayanta, da wuyana da na jingina. In ta faɗi a hanya ni ne na faɗi.

Na zauna a bakin turke ina shawara da kaina kamar mai haɗa wa sarki magani. Na fara tunanin jiƙon tsamiya, don ba abin da ya fi shi kashe zafi, sai na ga tsaminsa zai iya tsinka mata ciki ana tsakiyar tafiya. Na yi tunanin nono, sai na tuna ba a ba dabbar da za ta yi gudu nono. (Ka ga dai ba da ka na yi abin ba. Da na yi da ka, da sai in ce kuskure ne. Tunani na yi mai zurfi.) Daga ƙarshe na tsaya a kan abin da ban taɓa ba doki ya ba ni kunya ba: jar kanwa, da dusar gero, da ɗan garin gero don ƙarfin gwiwa.

Na shiga cikin gida na ɗauko jar kanwata ta ajiya, wadda ba kowane baƙo nake ɓantarar wa ba, na daka. Kulu tana bakin murhu tana kallona.

Ta ce, “Malam, mi za ka yi da dusag ga? Ba mu da doki turke yau.”

Na ce, “Muna da wanda yah hi doki.”

Ta ajiye muciya. Ta ce, “Ina jinku daga nan. Mutumen ga ruwa yac ce.”

Na ce, “Shi tuƙi yas sani. Ni dabba nis sani.”

Ta ce, “Albasar Baba ta hwa.”

Na ce, “Don ita nika yi.” Ta dube ni irin kallon da ubanta ke yi mini, ta ɗauki muciyarta ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Ruwan gulbi dai na sa an ɗebo, an tace, an bar shi ya kwanta, ban saɓa wa Audu a nan ba. Da aka idar da sallar asuba, kafin ya fito, na dama haɗina a masaki, na sa mazurari na ɗura mata a hankali. Har da shafa mata goshi ina cewa, “Sha, baiwar Allah, sha.” Ta shanye tas, ko tari ba ta yi ba, na ce ka ga alamar tana so. Sannan na ƙarasa cikawa da ruwan gulbin. Dusa da gari suka kwanta a ƙasa, sama ya yi garau. Audu ya fito yana hamma, ya leƙa a cikin duhun safiya, ya ga ruwa har baki. Ya ce, “Madalla, Maigida.” Ya rufe murfin ya ɗaure tam.

Aka sa Baba a gaba kusa da direba, da farar rigarsa ta zuwa Idi. Ranar ce ya fara shiga mota, ya riƙe ƙarfen gabansa da hannu biyu yana motsa leɓe. Ni kuwa na hau can ƙololuwar buhuna, da sabuwar hula, ina ɗaga wa mutanen Jega hannu kamar ni na ƙera motar. Audu ya murɗa ƙarfen tayarwa, ta tashi da bugu ɗaya. Na ce a raina, kanwa ta fara aiki.

Da farko tafiya ta yi daɗi. Iskar safiya na kaɗawa, motar na gudu, itatuwa na komawa baya. Har na fara shirya yadda zan bayyana wa Audu sirrin in mun isa Yawuri, a gaban Baba, cikin sanyin murya, kamar ba wani abu ba.

Da hantsi ya ɗaga, mun doshi Maiyama, sai na ji wani ƙamshi. Ƙamshi ne da na sani, amma na kasa tuna inda na san shi. Na waiga ko wani ƙauye ne a gefen hanya ake biki, ban ga gida ba. Ƙamshin kuma yana binmu. Sai na ji cikin motar ya fara wata irin ƙara, ba irin ƙugin jiya ba, ɓul, ɓul, ɓul, mai kauri. Na ce ai magani ne ke zagayawa.

Ranar kasuwar Maiyama ce, kuma hanyar ta tsakiyar kasuwar ta bi. Audu ya matsa ham, mutane suka dare, yara suka biyo mu da gudu. Muna kaiwa daidai rumfunan masu abinci sai ya taka burki da ƙarfi har na kusa wuntsilowa, ya kashe inji ya diro. Ya ce kowa ya ja baya. Ya naɗe hannu da buhu, ya kawar da fuska, ya sassauta murfin.

Murfin ya yi sama. Abin da ya biyo bayansa ba ruwa ba ne. Wani abu ne mai kauri, ja-ja, yana tafasa yana kumfa, ya yi tsiri sama ya dawo ya lulluɓe hancin motar da gilashinta, ya gangaro ƙasa yana dalala. Ya yi ta ambaliya kamar tukunyar da aka manta a wuta. Baba ya buɗe ƙofa zai tsere, feshin ya samu gaban farar rigarsa. Allah ya kiyaye ba wanda ya ƙone. Kasuwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai ɓul-ɓul, sai wasu awaki da suka matso suna shinshina.

Wata tsohuwa mai sayar da kunu ce ta fara magana. Ta taso daga bakin tukunyarta da ludayi a hannu, ta matso, ta buɗa hanci ta shaƙa, ta sa bakin ludayin ta ɗebo kaɗan daga ƙasa ta duba kaurinsa.

Ta ce, “La ilaha illallahu! Jama'a, kunun kanwa na!” Ta juya wurin Audu. “Ɗana, yaushe motag ga tah haihu? Jego taka yi kunka hito da ita rana?”

A nan na tuna inda na san ƙamshin. Gidan mai jego.

Kasuwa ta fashe. Mahauta suka bar nama, masu awo suka bar mudu, wani mai kaji ya saki kajinsa don riƙe ciki. Audu kuwa bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya dube ni a can saman buhuna, inda ba wanda zai ce bai gan ni ba.

Ya ce, “Maigida, sauko. Me ka zuba mata?”

Na sauko. To a nan ne nake so ka san irin mutumin da nake a wancan zamani. Mai hankali zai sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Ni sai na gyara hula na fara kare kaina. Na ce, “Ba wani abu ba na. Dusa ta, da gari kaɗan, da kanwa. Kuma ba kanwab banza ba, ja ta, ta ajiya. Kai ba ka ga hitsarinta jiya ba? Zahin ciki gare ta!”

Ban ƙarasa ba aka sake kecewa, wannan karon har da masu faɗuwa ƙasa. Tsohuwar ta ce, “Aradu hannunka ya iya damu, ko gudaji babu. Yaji kaɗai kar rage.” Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, “Ku ba ungozoma hanya!” Kafin azahar duk Maiyama ba mai kirana da wani suna sai wannan.

Amma duk wannan da sauƙi. Abin da ya kashe ni shi ne da na juya na ga Baba. Yana tsaye a gefe, kunu na gangarowa daga gaban rigarsa, bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ba ni yake kallo ba ma. Buhunan albasarsa yake kallo, sannan ya ɗaga kai ya dubi rana. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma tsoro ya biyo bayanta, don na san abin da ranar bazara ke yi wa albasa a cikin buhu.

Audu ya gama zagina cikin Hausar Zazzau, ya ƙara da wasu kalmomi na soja da ban gane ba. Ya ce Allah ya taimake ni ya kashe injin da wuri, bai ƙone ba. Amma lagireto ya toshe daga sama har ƙasa, sai an kwance shi an kai gulbi an yi ta wanki, a nemo maƙeri ya like inda ya tsage. Aikin kwanaki ne. Na ce, albasa fa? Ya ce in tambayi wanda ya dama kunu.

Muka sauke buhunan muka jera a inuwar wata tsamiya. Baba ya zauna a kansu, ya cire rigar ya ninke. Na je na durƙusa. Shi ya fara magana, kuma kalma uku ya faɗa.

Ya ce, “Tahi kira Arzika.”

Da a ce ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Na kama hanyar Aliero a ƙasa, cikin wannan rana, da sabuwar hulata a aljihu. Ban san yadda aka yi ba, amma labarin ya riga ni isa. Na tarar da Arzika zaune a ƙofar gidansa, jakunansa a ɗaure da akumari a bayansu, a shirye. Ya bar ni na yi sallama, na gaishe shi, na sake gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye.

Ya ce, “Jakkaina na hutu, Malam. Kai kac ce zamaninsu ya wuce.”

Na ce, “Arzika, don girman Allah. Ba don ni ba, don tsohon.”

Ya ce, “Don tsohon niɗ ɗaura musu akumari tun ba ka iso ba.” Ya miƙe yana karkaɗe riga. “Amma sharaɗi guda. Ko sun mutu da ƙishirwa, kada ka kusanci ruwan shansu.”

Jakunan Arzika ne suka kai albasar Yawuri, a tafiyarsu ta kullum, ina biye da su a ƙasa ina kora. Wadda ke saman lodi rana ta riga ta dafa ta, muka sayar da ita a Maiyama yadda aka taya. Wata ta ruɓe a hanya muka zubar. Abin da ya isa ya sayu, amma rumbun Baba bai cika ba a wannan shekara, kuma kowa a gidan ya san dalili. Kulu ba ta ce mini “na gaya maka” ba. Wata guda dai ta yi tana dama mini kunun kanwa kowace safiya, tana ajiyewa a gabana.

Na aika wa Baba da hatsi ya mayar. Na aika da riga ya mayar. Da rani ya zagayo aka fara dashen albasa, na ga ba abin da ya rage sai abu ɗaya. Na bar wa ƙanena zauren baƙi, na tafi Aliero na tuɓe riga na kama jigon jan ruwa. Duk ranin nan ni ne mai ban ruwan lambun Baba. Hannun da bai san komai ba sai gaisawa da karɓar la'ada ya kumbura, ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Bai ce in zo ba, bai kuma ce in tafi ba. Sai dai kowace safiya, in na jawo gugar farko, zai taso daga inda yake, ya zo ya leƙa cikinta da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya bar ni in zuba wa albasa.

Ranar da muka cire albasar shekarar muka cika rudu, muna zaune a inuwa, ya miƙo mini ƙwaryar furarsa, abin da bai taɓa yi ba. Lokacin Kulu ta yi nauyi. Ya dubi wani wuri can daban, kamar da iska yake magana, ya ce, “In Allah ya kawo ƙaruwa gidanka, ba sai mun aiko da mai dama kunu ba.” Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Tsohon nan dariya yake yi, har da hawaye, wadda ya riƙe tun daga kasuwar Maiyama. Na sa fuskata cikin ƙwaryar, ni ma ban san ko dariya nake ko kuka ba.

Yanzu ga jikokina nan da motocinsu, suna sayen wani ruwa a cikin galan, wani kore wani ja, suna gardamar wanda ya dace da wace mota. Wani lokaci don tsokana sukan ce, “Kaka, kai da ka san harkar, wanne za mu zuba?” Nakan ce su tambayi wanda ya ƙera ta, su zuba abin da ya ce, kada su ƙara mata ko ƙwayar gero don ƙauna. Ni dai abin da na koya shi ne, mugunta ba ta taɓa jawo mini asara irin wadda tausayi ya jawo mini ba, ranar da na tausaya wa abin da ban sani ba.